Kurar Ɗan Ga-ruwa da Kikin Babur

A bakin lungunmu akwai wani ɗan tudu, inda aka rufe kwata da kankare. Bai kai kamu biyu ba, amma a nan ake bambanta ɗan ga-ruwan da ya daɗe a sana'a da sabon shiga. Tsohon hannu tun daga nesa yake ɗauko gudu, ya sa ƙirji, kura ta haye da jarkokinta 12, ta gangara da kanta. Sabon shiga kuwa tsoron tudun yake ji. Sai ya taho a hankali, tayoyi su zo gab da ƙoli, ƙarfinsa ya ƙare, ruwa mai nauyin kilo 300 ya dawo masa a ƙwauri.

Wannan tudun nake tunawa duk sa'ad da aka yi zancen kikin da yake karyewa a baburan tirayal.

Tirayal wasan Turawan Birtaniya ne tun asali. Gasarsa ta kwana shida a Sikotilan ta faro a 1909, har yau kuma ana yin ta a duwatsun Fort William. Daga baya mutanen Kataloniya ta ƙasar Sifen suka karɓe ragamar da babura irin su Bultaco da Montesa da Gas Gas, kuma ɗan yankin ne, Toni Bou, ya fara cin kofin duniya a 2007 ya yi ta maimaitawa shekara da shekaru. Ba gudu ake yi ba. Duwatsu da kututturai da ƙoramu ake hawa a tsaye, domin babur ɗin ko wurin zama ba shi da shi. Wanda ya sa ƙafa a ƙasa an ci shi maki ɗaya, wanda ya faɗi biyar, mai ƙarancin maki shi ne gwani. Don haka aka rage wa babur ɗin duk wani nauyi har ya dawo wajen kilo 70, da inji mai silinda ɗaya, sisi 250 ko 300. Yawancinsu babu batir, babu sata mai lantarki. Ƙafa ce kaɗai ke tayar da su, kuma mahayi yakan kashe inji a bakin kowane sashe ya taka ya duba hanya. A gasar Sikotilan sassa 30 ake bi a yini. Sai ka lissafa sau nawa ake taka kik, a gajiye, a kan dutse mai santsi, ƙafa ɗaya cikin ruwa.

A cikin injin ma akwai tudu. Fistin yana hawa yana matse iska da fetur, matsin na ƙaruwa har ya kai ƙoli, daga nan ya gangara. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne filogi ba ya jiran a kai ƙolin. Yana ba da wuta tun da saura kaɗan, milimita 2 zuwa 3 a tsofaffin baburan, saboda fetur yana bukatar ɗan lokaci kafin ya kama sosai. In inji na gudu, wannan lissafi daidai yake: kafin wutar ta yi ƙarfi, fistin ya riga ya haye. Kamar yaron unguwa ne da ya saba ɗarewa kan kurar ɗan ga-ruwa. In ya faɗo kanta tana kan tsallake tudu, nauyinsa taimako ne, gaba zai ja ta. In ya faɗo tana tafiyar hawainiya ba ta kai ƙoli ba, nauyin nan dai shi zai maido ta kan mai turawa. Haka wutar take. Ƙasa kawai ta sani ta tura fistin, ba ruwanta da ko ya haye ko bai haye ba. In bai haye ba, karanshaf ya juya da baya, duk ƙarfin ya bi ta haƙoran giya ya fito ta ƙafar kik, ya sami tafin ƙafar mutum. Masu injin niƙa na dizal da ake tayarwa da hannu sun san wannan harbin, haka duk wanda igiyar janareto ta taɓa fizge wa yatsu. Hannun tayar da tsofaffin motoci ya karya wuyan hannu da yawa a Amurka kafin Cadillac ya fito da sata mai lantarki a 1912.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne yadda tsoro ke ciyar da shi. Wanda babur ya taɓa harbi, gobe da ɗari-ɗari zai taka, ya ɗan dangwala ya janye ƙafa. Wannan rabin takun kuwa shi ne ainihin abin da ke kawo harbi na biyu. Wani kuma sai ya murɗa totur wai don ya taimaka, alhali ƙarin iska ƙarin matsi ne, ya ƙara wa tudun tsawo ke nan da hannunsa. Montesa Cota 4RT, wanda ya fito a 2005 ba shi da kafireta kuma ba shi da batir, sam ba ya son a taɓa masa totur. Doguwar taka ɗaya mai nutsuwa yake so, daga sama har ƙasa.

Ba kullum laifin ƙafa ba ne. Akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata, bai fi farce girma ba, da ke riƙe filawil a mazauninsa a kan karanshaf. In notin da ya ɗaure filawil ɗin ya saki, ƙarfen ya tsage, filawil ya ɗan zame, lokacin wuta ya gurɓace. Babur ɗin da jiya yake tashi da taku ɗaya sai ya wayi gari yana harbi kamar jaki. A nan ko Toni Bou ne ya taka, zai sha.

Ita ƙafar kik ba a rana ɗaya take karyewa ba. Kamar mariƙin ludayin alminiyon ne da ake lanƙwasawa ana miƙewa wajen kwasar tuwo: tsaga ce siririya take farawa, galibi a gaɓar da ƙafar ke naɗewa ko a bakin haƙoran da suka kama sandar kik, kowane harbi ya ƙara mata kaɗan, kowane karo da matakin ƙafa a ƙarshen taku ya ƙara mata kaɗan. Ran da ta ɓalle, in ka duba bakin karayar za ka ga wani sashe ya yi duhu ya yi sumul, wani kuma fari tas mai kaushi. Mai duhun tsohon ciwo ne, farin shi ne ɗan abin da ya rage yana riƙe.

A nan ne nake saɓawa da masu gaggawar kai ta wurin mai walda a yi mata ƙari da ƙarfe mai kauri. Na fahimci dalilinsu, kayan waɗannan babura da tsada. Amma ƙarfin harbin bai je ko'ina ba, wata mafita zai nema. Kafin a yi ƙarin, ƙafar kik ce take karɓar dukan, ita da ake canzawa da sifana ɗaya a cikin minti goma. In ta ƙi karyewa, sai haƙoran giyar ciki su zube, ko sandar ta murɗe, ko kaskon injin kansa ya tsage, wanda sai an sauke inji an raba shi biyu. Mai kura da ya ga hannun kurarsa na yawan karyewa a wuri ɗaya, ya kamata ya fara duba tudun da yadda yake tunkarar sa kafin ya je neman bututu mai kauri.

Bakaniken da ya san aikinsa, in aka kawo masa karyayyen kik, ba ya fara ɗauko sabo. Murfin filawil yake fara kwancewa ya ga ko ɗan rabin watan na nan lafiya. In yana nan, sai ya ce wa mai babur ya hau ya taka a gabansa: a lallaɓa kik har a ji ya cije, a bar shi ya dawo sama, a saki totur gaba ɗaya, sannan a sauke nauyin jiki duka a kansa har ƙasa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ba a janye ƙafa ba sai inji ya amsa.