Ciwon Tsakuwar Ƙoda: Yadda Bincikensa Ya Koma Aikin Gayya

Ciwon tsakuwar ƙoda yakan taso ne sa'ad da gishirin da ke cikin fitsari ya dunƙule ya zama 'yar tsakuwa, ita kuwa ta baro ƙoda ta maƙale a siririn bututun da ke kai fitsari mafitsara. Daga nan fitsari ya taru a bayanta, ƙodar ta kumbura, mutum ya ji murɗa mai tsanani tun daga kwiɓi har mara, sau da yawa tare da amai. Galibin ƙananan tsakuwoyi sukan fita da kansu. Abin da ya daɗe yana damun likitoci shi ne yadda za a yi da majiyyaci kafin ta fita, ko kuma idan ta ƙi.

A da, kowane asibiti da abin da ya gada daga manyansa. Al'amarin ya fara sauyawa a birnin Munik na Jamus, inda likitoci suka haɗa kai da injiniyoyin Dornier, kamfanin ƙera jiragen sama, har a 1980 suka farfasa tsakuwa a jikin mutum ba tare da an tsaga shi ba.

Amma inda amfanin aikin gayya ya fi fitowa fili shi ne batun wani magani da ake kira tamsulosin, wanda ke sassauta bututun fitsari. Ƙananan gwaje-gwaje masu yawa sun nuna yana taimaka wa tsakuwa ta sauka, likitoci kuwa suka rungume shi. Sai asibitoci 24 a Birtaniya suka haɗu suka gwada shi a kan mutum fiye da 1,100, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, waɗansu aka ba su maganin, waɗansu ƙwayar da babu kome a cikinta, ba tare da likita ko majiyyaci ya san wadda aka bayar ba. Sakamakon da ya fito a 2015 ya ba da mamaki: bayan mako huɗu, kimanin kashi 80 cikin ɗari na kowane rukuni ba su bukaci wani aiki ba, wato maganin bai ƙara kome ba. Duk da haka magana ba ta ƙare ba, domin a 2018 asibitoci 30 a ƙasar Sin, da majiyyata sama da 3,000, sun gano yana da amfani idan tsakuwar ta wuce milimita 5 kuma ta sauko ƙasan bututun. Ashe girman tsakuwar ne abin lura, asibiti guda kuwa ba shi da yawan mutanen da zai iya tantance wannan.

Haka kuma a 2014 sassan gaggawa 15 a Amurka suka kwatanta na'urar CT da na'urar hoto mai aiki da sauti, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, a kan mutum 2,759. Ba a sami bambanci wajen aukuwar matsala mai hatsari ba, sannan waɗanda aka fara dubawa da ta biyun sun tsira daga yawan hasken nan mai ratsa jiki. Wannan labari ne mai daɗi ga asibitin da ba shi da CT.

Da yake zafi da ƙarancin shan ruwa suna cikin manyan sabubban ciwon, ya kamata a ce ƙasashe masu zafi ne a gaba wajen bincikensa. Katar ta ɗauki wannan hanya: a 2016 aka wallafa gwajin da aka yi a birnin Doha kan mutum fiye da 1,600, inda allurar diklofenak ta rage rabin raɗaɗi cikin minti 30 ga kashi 68 cikin ɗari, mofin kuwa ga kashi 61. Sai dai ba a ba da diklofenak ga mai raunin ƙoda ko mai gyambon ciki.