Laftof ɗinka ta ƙi wuce gudunta na asali? Duba waɗannan wuraren kafin ka biya mai gyara

A tallan an rubuta 3.4 GHz, mai shago ma haka ya faɗa maka. Amma da ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ka shiga Performance ka latsa CPU, sai ka ga lambar da ke ƙarƙashin Speed ta tsaya cak a 1.6. Ko CapCut na fitar da bidiyo, ko shafuka goma ka buɗe a Chrome, ba ta motsawa. Kusan rabin ƙarfin da ka biya wa kuɗi yana kwance ke nan.

Mutane da yawa idan sun ga kwamfuta ta yi nauyi sai su ƙara RAM, ko su sa a sake loda musu Windows, wasu ma su sayar da ita a wulaƙance. Alhali sau da dama furosesar lafiyarta ƙalau, wani abu ne ya hana ta sakin jiki, kuma gyaran wani lokaci ko sisi ba ya ci.

Lambobi biyu, ma'ana biyu

Furosesar laftof ta zamani tana da gudu iri biyu. Akwai na asali, wanda Task Manager ke rubutawa a gaban Base speed. Shi ne gudun da kamfani ya yi alƙawarin za ta iya riƙewa na dogon lokaci ba tare da ta zarce wutar da aka ƙayyade mata ba. Sai kuma gudun ƙari, wanda take hawa idan aiki ya taso kuma akwai sarari. Intel na kiran nasa Turbo Boost, ya fara zuwa da Core i7 na farko a 2008. AMD kuwa na kiran nasa Precision Boost tun fitowar Ryzen a 2017.

Ɗauki Core i5-8250U, wadda ta cika laftof ɗin hannu na HP da Dell da Lenovo. Gudunta na asali 1.6 GHz ne, na ƙari 3.4 GHz, kuma an tsara ta a kan wat 15. Tana hawa sama ne kawai idan abubuwa uku sun cika: Windows da BIOS sun ba ta izini, wuta ta ishe ta, kuma ba ta yi zafi da yawa ba. Ɗaya ya rasu, sai ta sauko. Ka san yadda wayarka ke fara sanɗa idan kana buga wasa tana jikin caja har bayanta ya yi zafi? Dabarar ɗaya ce.

Kafin ka taɓa komai, tabbatar furosesarka na da gudun ƙarin ma tukuna. Kwafi sunanta daga Task Manager ka neme shi a shafin Intel ko na AMD. Core i3-6006U a 2.0 GHz take, Core i3-7100U a 2.4 GHz, kuma dukkansu ba su da Turbo Boost sam. Idan irinsu ce a hannunka, babu saitin da zai ƙara mata ko ɗigo, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan zai buɗe maka turbo ya cuce ka ne kawai.

Haka kuma ka gwada ta a lokacin da take aiki. Idan kwamfuta ba ta yin komai, saukar gudu zuwa ƙasa da 1 GHz daidai ne, tattalin batiri take yi.

Lamba 99 da ke ɗaure furosesa

Idan gudun ya tsaya daidai a kan na asali, ba ya hawa ba ya wani girgiza, kuma laftof ɗin ba ta da zafi, to fara zargin saiti. Buɗe Control Panel, shiga Power Options, latsa Change plan settings, sannan Change advanced power settings. Gangara zuwa Processor power management ka buɗe Maximum processor state. Dole ka ga 100 a wurare biyu, na batiri da na caja.

Abin mamakin shi ne, ko 99 aka sa a wurin, a kan furosesoshi da yawa turbo ya mutu gaba ɗaya. Mutum zai zaci kashi ɗaya kawai ya rage, amma Windows na lissafa wannan kason ne a kan gudun asali, don haka duk abin da bai kai 100 ba yana nufin kada a haura. Masu buga wasanni sun san wannan dabarar, suna amfani da ita don rage zafi da ƙarar fanka. Idan ta hannu ka saya, mai yiwuwa wanda ya riga ka ne ya bar ta haka. Idan saitin ya cakuɗe maka, buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta powercfg -restoredefaultschemes, komai zai koma yadda ya zo, sai dai tsare-tsaren wutar da ka ƙirƙira da kanka za su goge.

A Windows 11 leƙa Settings, System, Power & battery, ka mayar da Power mode zuwa Best performance, ka kuma kashe Battery saver ko Energy saver. Manhajojin kamfani ma suna da nasu hukuncin: a Dell Power Manager, zaɓin Cool ko Quiet na rage ƙarfin furosesa, a wasu Lenovo kuwa danna Fn da Q ne ke sauya yanayin, kuma yatsa na iya taɓa su bisa kuskure.

Sai BIOS. Kashe laftof ɗin, kunna ta kana danna F2 idan Dell ce, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Nemi Turbo Boost da SpeedStep ka ga ko a kunne suke. Kada ka sauya abin da ba ka gane ba a can.

Caja: inda aka fi samun matsala a wajenmu

A ganina nan ne ya kamata mai laftof ɗin hannu ya fi sa ido, domin ba kasafai take zuwa da cajarta ta ainihi ba. Mai shago zai ɗauko wadda bakinta ya shiga, wuta ta kawo, shi ke nan ciniki ya faɗa. To amma shigar baki ba ita ce magana ba.

Duba cikin bakin cajar Dell ko HP mai zagaye, za ka ga wani ɗan siririn tsinke a tsakiya. Ba shi ke ɗaukar babbar wutar ba, aikinsa shi ne ya sanar da laftof ko wat nawa cajar ke iya bayarwa. Idan ya lanƙwashe, ko wayar da ke ciki ta tsinke, ko cajar jabu ce, laftof ɗin ba za ta san da wa take hulɗa ba, sai ta kare kanta ta hanyar danne furosesa. A Dell abin na da sauƙin ganowa: shiga BIOS ka duba layin AC Adapter. Idan ka ga 65W ko 90W, lafiya. Idan Unknown ka gani, ka kama ɓarawon. Sau da yawa za ka lura batirin ma ba ya cika duk da cajar na jiki.

Masu USB-C su ma ba su tsira ba. Ganin bakin cajar wayarka ya shiga laftof ba ya nufin za ta wadatar. Cajar waya mai wat 18 ko 25 ba za ta ciyar da na'urar da ke neman wat 45 ko 65 ba. Ita kanta igiyar tana da iyaka, domin igiyar USB-C ta yau da kullum wat 60 take ɗauka, fiye da haka sai wadda aka yi don hakan. Juya laftof ɗin ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta, ka gwada da na jikin cajar.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka cire cajar yayin da kake kallon Task Manager. Idan gudun ya yi tsalle sama da zarar ka cire ta, ba sai an faɗa maka ba. Ari caja ta ainihi wurin aboki ka tabbatar kafin ka sayi sabuwa.

Mataccen batiri ma na iya jawo haka. Wasu laftof kan ɗebi ƙarin wuta daga batiri idan furosesa ta yunƙura, don haka in ya mutu ko an cire shi, sai su ƙi barin ta ta hau. Umarnin powercfg /batteryreport zai nuna maka ƙarfin da batirin ya zo da shi da wanda ya rage masa. In kuwa ka ga wurin linzamin ya ɗago ko murfin ƙasa ya kumbura, daina caji nan take a sauya batirin, wannan ya wuce batun gudu, maganar gobara ce.

Zafi da ƙura

Alamar zafi daban take. Gudun zai hau na ɗan lokaci, fanka ta fara kuka, sai ya faɗo. Sauke HWiNFO, kyauta ce, ka buɗe sashen Sensors. Yawancin furosesoshin laftof na Intel suna da iyakar digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, kuma idan ta kusa kaiwa can za ka ga Yes a gaban Thermal Throttling.

Wanda ke zaune a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, iskar da fankarsa ke zuƙa ma da zafinta take shiga. Ga ƙurar hunturu da ke taruwa a mafitar iska har ta zama kamar auduga. Ƙara da ɗabi'ar ɗora laftof a kan katifa ko filo, wadda ke toshe ramukan ƙasa gaba ɗaya. Ɗora ta a kan tebur, ka ɗan ɗaga bayanta, ka sake gwadawa. Idan ta shekara uku ko huɗu ba a buɗe ta ba, kai wa mai gyara ya share fankar, ya goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi, ya shafa sabo. Ka tsaya a yi a gabanka, kuma ka nemi ganin zafin kafin aikin da bayansa.

Amma a yi adalci: idan kana fitar da dogon bidiyo ka ga gudun ya fara a 3.4 sannan ya sauko ya zauna a biyu da wani abu, alhali zafin bai kai iyaka ba, wannan ba lalacewa ba ce. An ba furosesar damar shan wuta mai yawa na ɗan gajeren lokaci ne, daga nan ta koma kan wat 15 ɗinta. HWiNFO zai nuna Power Limit Exceeded. Haka aka ƙera siraran laftof, ba ka da abin gyarawa.

Idan ta maƙale a 0.79 ko 0.39

Wannan ya ma gaza gudun asali, kuma yawanci wani sigina ne mai suna BD PROCHOT. Ta hanyarsa wani sashe na allon kwamfutar, kamar da'irar caji ko na'urar auna zafi, ke umartar furosesa ta sauka ƙasa ko da ita kanta a sanyaye take. Fara da kashe laftof ɗin, cire caja, ka danne maɓallin kunnawa na kusan daƙiƙa 30, sannan ka kunna. Idan bai yi ba, gwada wata cajar, sannan ka sabunta BIOS daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Kada ka fara sabunta BIOS sai batirinka na da caji sosai, domin in aka ɗauke wuta a tsakiyar aikin laftof ɗin na iya ƙin tashi kwata-kwata.

Za ka ga bidiyoyi a YouTube suna cewa ka sauke ThrottleStop ka cire alamar da ke gaban BD PROCHOT. Yana aiki, gudun zai dawo nan take. Sai dai ka sani ƙararrawa ka kashe, ba ka kashe wutar ba. Idan na'urar auna zafi ce ta rikice, ka tsira. Idan kuwa da gaske wani sashe ne ke ƙonewa ko caja ce ke gazawa, ka cire masa kariya ke nan. Yi amfani da shi don gano tushen matsalar, kada ka mayar da shi magani na dindindin.

Ga mai shirin sayen ta hannu, a Farm Centre ta Kano ne ko Computer Village ta Ikeja, duk wannan gwajin bai fi minti biyar ba. Sa a jona ainihin cajar da za a ba ka, buɗe Task Manager, kunna bidiyo mai nauyi ko ka buɗe manhajoji da yawa lokaci guda, ka ga ko Speed ya haura Base speed. Cire cajar ka sake dubawa. Idan Dell ce, leƙa BIOS ka karanta layin AC Adapter kafin ka tura kuɗi.