Idan Mota Ta Faɗi A Hanyar Wukari, Wa Ke Da Alhakin Mai Rauni?

Duk wanda ya saba bin hanyar Jalingo zuwa Wukari ya san tafiya ce ta kusan kilomita 200, ya kuma san idan mota ta faɗi a wajen Mutum Biyu, galibi ba likita ne zai fara isa wurin ba. Mutanen ƙauye ne da direbobi. Su za su ciro mai rauni, su shimfiɗa shi a bayan a-kori-kura, sa'an nan a fara shawarar inda za a nufa da shi.

Ba wai babu asibiti ba ne. A Jalingo akwai Asibitin Tarayya, watau FMC, akwai kuma Asibitin Ƙwararru na Jiha, ga manyan asibitoci a garuruwa kamar Wukari da Bali da Gembu. Amma kowane da ubangidansa. FMC tana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja, sauran kuwa na Gwamnatin Jihar Taraba ne. Hukumar Kiyaye Haɗura da aka kafa a 1988, wadda jami'anta ke kwasar mutane a kan titi in an kira lamba 122, ita ma nata shugabannin dabam. To, jama'a, a cikin waɗannan wa zai buga waya ya ce a shirya jini da ɗakin tiyata, ga mai karaya nan tafe?

Doka dai ta yi nata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, ta kuma keɓe kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya na tushe domin wannan aiki. A 2017 aka ƙara wata da ta tilasta a yi wa wanda aka harba magani ko da babu takardar 'yan sanda. A 2022 aka ƙaddamar da NEMSAS, shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, wanda ake son kowace jiha ta kafa nata reshe.

A Ingila, tun 2012 aka raba ƙasar shiyya-shiyya, kowace da babban asibitinta na masu mummunan rauni. Ma'aikacin mota yana da ikon wuce asibitin da ke kusa ya zarce can kai tsaye, ana kuma rubuta sakamakon masu raunin domin a gane inda aka yi sake. A ganinmu wannan rubutun, da ofishi guda mai faɗa a ji, su ne Taraba ta fi bukata, tun kafin sabon gini.

Sai dai ƙasar Taraba ba ta da sauƙi. Mai rauni daga Gembu sai an gangaro da shi daga tsaunin Mambila. Na Karim Lamido kuwa, Kogin Binuwai ne tsakaninsa da Jalingo. Da gadar Namnai ta karye a daminar 2024, har na hanyar Wukari ma sai da ya jira jirgin fito.