Daga Kano Zuwa Abuja, Daga Kano Zuwa Sakkwato

Ka ɗauko zare ka auna a kan taswira, daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, za ka samu kimanin kilomita 360. Ka juya zaren yamma zuwa filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato, za ka samu 370 da 'yan kai. A taswira kam tagwaye ne. Matafiyi ne kaɗai ya san ko dangin nesa ba su kai ba.

Tafiyar Abuja ba ta da wani dogon labari. Kullum jirgi na tashi, kuma cikin sa'a guda ko ƙasa da haka an sauka. Wani zai ce ai jirgin da ke cin kilomita 800 a sa'a bai kamata ya wuce rabin sa'a ba. To, wannan gudun sai ya lula sama sosai yake yin sa. A gajeriyar tafiya irin wannan, yana gama hawa zai fara shirin sauka, ga kuma jan jiki a ƙasa kafin tashi. Inda lokaci yake tafiya shi ne zaman jira, da kuma titin kusan kilomita 40 da ke tsakanin filin jirgin Abuja da tsakiyar birni. Bakano da ya saba ganin filin jirginsa a bayan gida, daf da Sabon Gari, wannan titin kan ba shi haushi. Duk da haka mutum zai yi sallar asuba a Kano, ya yi taronsa da hantsi a Abuja, ya dawo ya ci tuwon dare a gida, in dai hazo bai tare gari ba.

Sakkwato fa? Yawanci babu jirgin fasinja da ke zuwa kai tsaye. Sai ka gangara kudu zuwa Abuja, ka sauka, ka jira, sannan ka sake hawa wani ka koma arewa kusan kilomita 490. Tafiyar 370 ta koma 850, tikiti ya zama biyu. Idan jirgin Sakkwato ya riga naka tashi, kwana ya kama ka a garin da ba shi ka nufa ba.

Ba mugunta ce ta kamfanoni ba, lissafi ne. Man jirgi da tsada, kujerar da ta tashi babu kowa kuwa asara ce da ba a mayarwa. Abuja na da ma'aikatu da majalisa da 'yan kwangila masu cika jirgi kowace safiya, shi ya sa kusan kowace hanya sai ta ratsa ta can ko ta Legas. Sai dai ina ganin an raina zirga-zirgar da ke tsakanin Kano da Sakkwato, garuruwan da fatake da malamai suka haɗa tun kafin a san za a yi Abuja.

Wanda bai iya wannan zagaye ba sai ya nufi tasha. Mota za ta bi da shi ta Funtuwa, Tsafe, Gusau da Talatar Mafara, kilomita 500 ko ɗan fiye, kusan yini guda. Sau da yawa takan riga mai jirgi isa. Amma direbobin hanyar ba sa yarda magariba ta same su tsakanin Funtuwa da Gusau saboda 'yan bindiga, don haka da sassafe ake lodi.