Gyaran Jiki a Amurka: Iya Aiki Daban, Lasisi Daban

A Kano ko Maiduguri ko Damagaram, idan mace ta iya dilka da halawa, ta san haɗin kurkum, hannunta kuma ya faɗa a lalle, to ta zama mai gyaran jiki. Amarya ɗaya ta fito fes, labari ya zagaya gidan biki, sai ki ga layi a ƙofar ɗakinta. Babu mai tambayar ta takarda. Da wannan sabon ne 'yan'uwanmu mata da dama ke sauka a Amurka, ko a unguwar Bronx ta birnin Niyok inda 'yan zangon Ghana suke da yawa, ko a Greensboro inda mutanen Nijar suka yi sansani. Bayan 'yan watanni sai ta ware lungu a gida, ta sa hotunan aikinta a WhatsApp, ta fara karɓar mata. A idonta neman halal take yi, kuma gaskiyarta. A idon doka kuwa, tun ranar da ta karɓi dalar farko don ta gyara fuskar wata ko ta cire mata gashi, ta shiga sana'ar da ba a yin ta sai da lasisin jiha.

Lasisin nan ba gwamnatin tarayya ke bayar da shi ba. Kowace jiha da hukumarta, kowace hukuma da sharuɗɗanta, kuma a yau babu jihar da ta bar gyaran fata sakaka. Connecticut ce ta daɗe tana ƙyale shi, ita ma a 2020 ta bi sahu. Babban sharaɗi a ko'ina shi ne awannin karatu a makarantar da hukuma ta amince da ita. Niyok da Kalifoniya suna neman awa 600. Teksas da Illinois awa 750. Jojiya da Alabama sun kai 1,000, Fensilbeniya kuwa 300 kacal, Fulorida 220. Fatar mutumin Atlanta ba ta fi ta mutumin Miami wuyar sha'ani ba. Bambancin na 'yan majalisa ne da masu makarantu. Amma haka dokar take, kuma ta jihar da kike zaune ce ke kanki, ba ta jihar da ƙawarki ta yi karatu ba. Awa 600 kan ɗauki wata huɗu zuwa shida ga mai zuwa kullum. Mai karatun dare, wadda ke aiki da rana ko take fama da yara, tana iya cin shekara. A Niyok da Kalifoniya sai mutum ya cika shekara 17, kuma jihohi da yawa suna son shaidar karatun sakandare ko wani kaso nasa.

Wata za ta ce, me za a koya mini a wata shida wanda ban sani ba tun ina budurwa? Wajen laushin hannu da sanin abin da ke fito da amarya, mai yiwuwa malamar ajin ma ta koya a wurinki. Sai dai hukuma ba kyan aiki take aunawa ba. Abin da ya dame ta shi ne kada a cuci mutum. Shi ya sa kaso mai tsoka na karatun ya ƙare a kan tsabta da kashe ƙwayoyin cuta: wane kayan aiki ake jefarwa bayan amfani ɗaya, wanne ake jiƙawa a magani, minti nawa zai yi a ciki, me za a yi idan jini ya fito. Ana koyar da tsarin fata da cututtukanta, domin mai gyara ta gane kyasbi ko makero ko ƙurjin da bai kamata a taɓa ba, ta ce wa mai shi ta je wurin likita. Ana koyar da sinadarai, da na'urorin lantarki na gyaran fuska, da dokar jihar kanta. A nan ne, a ganina, muke da rauni na gaske. Dunƙulen halawa ɗaya ya bi ƙafar mace uku, tawul ɗaya ya wuni yana yawo, tsinken da aka goga a jikin wata a sake tsoma shi cikin tukunyar kakin cire gashi. Mun saba har ba ma ganin aibinsa. A can, kowanne daga cikinsu laifi ne da sufeto zai rubuta tara a kai.

Su ma makarantun suna da nasu giɓin. Da yawansu ba sa zurfafawa a kan baƙar fata, wadda ɗan ƙuna kaɗan ke bar mata tabon da zai yi watanni. Wadda ta haɗa sanin gida da lasisi tana da kasuwar da wasu ba su da ita.

Wurin zaɓen makaranta ne kuɗin mutane suka fi salwanta. Intanet cike yake da masu tallar kwas na kwana uku ko mako biyu, a ba ki satifiket mai zinariya a gefe. Wannan takardar ado ce, ba ta ba ki izinin taɓa fuskar kowa. Kafin ki biya ko sisi, ki duba sunan makarantar a jerin da hukumar jiharki ta wallafa: a Niyok lasisin yana hannun ma'aikatar harkokin jiha, a Teksas hukumar TDLR, a Kalifoniya hukumar aski da kwalliya. Kuɗin karatu dubban daloli ne, wasu makarantun sun haura dubu goma, ban da akwatin kayan aiki. Mai takardar zama ta dindindin ko ɗan ƙasa na iya neman tallafin gwamnatin tarayya idan makarantar tana da tantancewar hukuma irin NACCAS, amma wani kaso na abin da ake kira tallafi bashi ne da za a biya, don haka a karanta kafin a sa hannu. Girman makaranta ma ba garanti ba ne. A watan Fabrairun 2016 makarantun Marinello, masu rassa 56, suka rufe rana ɗaya bayan ma'aikatar ilimi ta yanke musu tallafi bisa zargin amfani da takardun sakandare na bogi, dubban ɗalibai suka wayi gari ba aji. Saboda haka duk wata ki karɓi lissafin awanninki a rubuce ki adana.

Bayan karatu sai jarrabawa. Jihohi da yawa suna yin kashi biyu, ta rubutu da ta aikin hannu, inda za ki nuna gyaran fuska da cire gashi ana kallon yadda kike wanke hannu da ware kayan da suka ƙazantu. Kalifoniya ta soke ta aikin hannu tun farkon 2022, Fulorida kuma rajista kawai take yi bayan an gama makaranta. Ta rubutun ce ke kayar da mutanenmu, domin cike take da kalmomin likitanci. A Kalifoniya ana iya rubuta ta da Sifaniyanci ko yaren Biyetnam ko na Koriya, amma babu Hausa, don haka wadda Turancinta bai nuna ba, musamman 'yar Nijar da ta yi boko da Faransanci, gara ta fara da ajin harshe. Niyok tana ƙara neman shaidar likita cewa an duba lafiyar mai nema, kuma lasisinta shekara huɗu yake yi kafin a sabunta.

Akwai wata ƙofa a Niyok da ba kowa ya san ta ba. Wadda ta yi shekara biyar tana sana'ar a wata jiha ko wata ƙasa tana iya neman a karɓi wannan a madadin makaranta. Matsalar ita ce hujja a rubuce ake so, irin takardun haraji da shaidar inda aka yi aikin, a fassara su zuwa Turanci. Hajiyar da ta shekara ashirin tana gyaran amare a Fagge ba ta da ko rasit ɗaya. Duk mai niyyar tafiya nan gaba, ta yi wa shagonta rajista tun yanzu, ta riƙa ajiye takardu.

Kada kuma a haɗa lasisi da izinin aiki. Wadda ta shiga da bizar ziyara ba ta da damar yin aikin kuɗi ko da ta mallaki lasisi goma, kuma wanda ya ce miki kwas ɗin kwalliya zai samar miki takardar zama, kuɗinki yake so. Haka nan aron lasisi, inda ake rataye takardar wata a bango wata ke aiki, zamba ce da ke cinye su biyun. Shi kansa shagon yana da nasa lasisin daban, kuma jihohin da ke barin a yi aiki a gida suna da sharuɗɗa a kan ɗakin. A Kalifoniya tarar aiki ba lasisi takan kai dala 1,000. A Niyok, tun gyaran dokar 2015, buɗe shago ba lasisi laifi ne da kan iya kai mutum gidan yari. Ga baƙo kuwa, duk abin da ya shiga kundin kotu yana nan yana jiransa ranar da zai nemi takardar zama. Ba lalle sai sufeto ya ƙwanƙwasa ƙofa ba; kwastoma ɗaya da fuskarta ta ƙone ta isa, kuma babu kamfanin inshorar da zai tsaya wa marar lasisi.

To, a ce an samu lasisin. Har yanzu akwai iyaka, kuma wannan iyakar ce ta fi komai muhimmanci a wannan magana. Aikin mai gyaran fata yana tsayawa a saman fata. Ba ta yin allura, ko ta Botox ko ta ciko ko ta ƙarin haske. Ba ta yanka, ba ta cewa ga cutar da ke damun ki, ba ta rubuta magani. Na'urar leza da na'urar tsattsaga fata da ƙananan allurai sun danganta da jiha. A Kalifoniya duka biyun sun fi ƙarfin lasisinta. Jihohi kamar Bajiniya da Washinton suna da lasisi mai daraja ta biyu, na awa 1,200, wanda ya ɗan faɗaɗa hurumin, amma shi ma bai mai da kowa likita ba. Abin da ya faru a birnin Albuquerque na jihar New Mexico ya isa misali. Wani shago yana ɗibar jinin mace, a tace, a mayar mata a fuska da allurai don gyaran fata. A 2018 hukuma ta rufe shi bayan ta tarar da kwalaben jini marasa suna da allurai a warwatse. Binciken da hukumar CDC ta fitar a 2024 ya danganta shagon da kamuwar aƙalla mata uku da cuta mai karya garkuwar jiki. Mai shagon ta amsa laifin yin aikin likita ba lasisi, aka yanke mata shekara uku da rabi.

Mu abin da ya fi kusa da mu shi ne man haɗi. Mun san yadda ake yi: a zuba wannan bututu, a ƙara wancan ruwa, a cakuɗa a roba marar suna, a ce na amare ne, kwana bakwai. Galibi abin da ke ciki haidurokwinon ne da sitiroyid mai ƙarfi, wani lokaci har da makuri. A Najeriya ma hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. A Amurka, tun 2020 ba a sayar da haidurokwinon sai da takardar likita, makuri kuwa haramun ne ya wuce kashi ɗaya cikin miliyan a kayan shafa. A 2019 wata mata a Sacramento ta faɗa doguwar suma saboda man fuska da aka kawo mata daga Meziko mai ɗauke da makuri. Gubar ba ta tsayawa kan mai shafawa. Tana bin tawul da zanin gado ta kai ga jariri. Mai lasisin da ta shafa wa kwastoma irin wannan man, ko ta sayar da shi daga jakar da aka aiko mata daga gida, lasisin ba zai kāre ta ba, shi za a fara ƙwacewa. Baƙin lalle ma haka. Abin da ke sa shi kama baƙi ƙirin cikin minti kaɗan sinadarin rinin gashi ne mai suna PPD, wanda hukumar FDA ba ta yarda a ɗora shi a fata ba. Yana tayar da bororo, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa kan ci gaba da ƙin sa har abada.

Ba ina cewa duk dokokin nan adalci ne ba. Wasu katanga ce kawai da ke tare talaka da baƙo. A 1997 an kama Isis Brantley a Dallas saboda tana kitso ba lasisin kwalliya, ta yi ta fafutuka har 2015 lokacin da Teksas ta cire kitso daga cikin sana'o'in da ke buƙatar lasisi. A shekarar ce kuma kotun ƙolin jihar ta yanke cewa tilasta wa masu gyaran gira da zare karatun awa 750 zalunci ne, tunda kaso mai yawa na darussan bai shafi aikinsu ba. A kotu da majalisa aka ci waɗannan nasarori, kuma kowacce a jiharta ta tsaya. Mai kitso a Teksas ba ta buƙatar lasisi, ta Niyok kuwa sai ta yi awa 300, kuma lasisin kitson bai ba ta damar gyaran fuska ba. Wadda cire gashi kaɗai take so, Niyok tana da ƙaramin lasisi na awa 75, hanya mai sauƙi ga mai son fara samun kuɗi kafin ta ƙaro karatu.

Idan ƙaura ta kama, lasisi ba ya bin ki kai tsaye. Sai kin nemi sabuwar jihar ta amince da shi, kuma wadda ta taso daga jiha mai awanni kaɗan zuwa mai yawa tana iya komawa aji ta cike gurbi. Wadda ta san mijinta na shirin barin Filadelfiya zuwa Atlanta, gara ta lissafa wannan kafin ta biya kuɗin makaranta. Ita kuma kwastoma, dokar jihohi da yawa ta ce a kafa lasisi inda kowa zai gani, kuma hukumomin suna da shafin da za ki sa suna ko lamba ki ga ko yana aiki, ko ya ƙare, ko an taɓa hukunta mai shi.