Sabuwar taya ta ƙi shiga ƙafar keke: ga dalili, ga dabara

Kekunan tsere masu siririyar taya, waɗanda ke zuwa cikin kayan gwanjo daga Turai, sun fara yawa a hannun 'yan makaranta da matasa. Suna da sauri, amma ranar sauya taya ake shan wuya. Mutum ya ja, ya danna, yatsu su yi ja, ɗan abin da ya rage ya ƙi hawa. Daga nan sai a ɗauko sukudireba a ɓanɓara, a huda sabon tif tun bai taka ƙasa ba. Kuɗi sun tafi, tafiya ta tsaya.

Abu na farko, mu duba lamba. A gefen kowace taya akwai lambobi biyu, misali 25-622. Ta farko faɗin tayar ce, ta biyu kuwa girman rim, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, duka da milimita. Yawancin kekunan tsere 622 ne, wanda ake rubutawa 700C. Wasu tsofaffi masu inci 27 kuwa 630 ne. Babban kekenmu na ɗaukar kaya, irin su Phoenix, mai 28 x 1 1/2, shi 635 ne. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, 622 da 635 duka ana kiransu "28". Bambancin milimita 13 ne, amma a kewaye ya kai santimita 4, kuma wayar da ke cikin leɓen taya ba ta miƙewa. In lamba ta saɓa, ko ƙato goma ba su sa ta. Don haka 'yan uwa da ke waje, kafin ku aiko taya gida, ku sa a karanta muku wannan lamba ta waya.

In lamba ta dace, saura dabara. Tsakiyar rim akwai kwari, ya fi gefe zurfi. Idan leɓen taya ya faɗa cikin kwarin nan, sai ɗaya ɓangaren ya sami sassauci. Sirrin ke nan.

A fara da shanya sabuwar tayar a rana na ɗan lokaci don robar ta yi laushi. In tsohuwa ce ake mayarwa, a shafa cikinta a hankali a cire ƙaya, don ƙayar da ta huda tif jiya za ta huda na yau. A sa leɓe ɗaya gaba ɗaya. A ɗan hura wa tif iska kaɗan, daidai yadda zai ɗauki siffarsa, a zura bawul a raminsa, a shigar da sauran.

Leɓe na biyu a fara shi daga gefen da ke kallon bawul, a dinga turawa da hannu biyu, dama da hagu, a ƙare wajen bawul. Dalili kuwa, gindin bawul yana hana leɓe faɗawa kwari, shi ya sa ake barinsa ƙarshe. In ya cije, a saki iskar tif, a koma baya a matsa tayar a zagaye, ana tura leɓen cikin kwari, ana koro sassaucin zuwa inda ya rage. Sai a murɗa shi sama da tafin hannu maimakon yatsu. Ruwan sabulu kaɗan yana taimakawa. Man inji kam a bar shi, yana lalata roba. In dole sai an sa ƙarfe, a nemi mai faɗin baki marar kaifi, a ɗaga kaɗan-kaɗan.

Kafin a ba da iska, a tura bawul ciki a sake shi, a leƙa zagaye a tabbatar tif bai maƙale ƙarƙashin leɓe ba. A buga famfo kaɗan, a juya ƙafar a ga ko tayar ta zauna daidai, sannan a cika, ba tare da wuce awon da aka rubuta a gefenta ba. Allah ya kiyaye hanya.