Mario Ya Sake Sana'a Sau Da Yawa, Yaran Gombe Na Biye Da Shi

Duk mutumin Gombe da ya daɗe a Ikko ko Badun, in ya koma gida ganin iyali, zai tarar da wani abu da ba a san shi ba da can. A unguwanni kamar Jekadafari da Bolari da Tudun Wada da Pantami akwai 'yan ɗakuna da ake kira gidajen gem, inda yara da samari ke biyan kuɗi su zauna gaban talabijin suna danna na'ura. Galibi ƙwallon ƙafa suke bugawa, sa'an nan wasan faɗa. Wani lokaci ma daga cikin kuɗin da uba ya aiko daga Kurmi ake biya, saboda haka ya kamata ya san abin da ɗansa ke saye.

Abin lura game da waɗannan wasanni shi ne, masu yin su ba su cika ƙago sabon gwarzo ba. Wanda aka riga aka sani suke sake wa sana'a. Babban misali shi ne Mario, ɗan gajeren mutumin nan mai gashin baki da jar hula, na kamfanin Nintendo na ƙasar Japan. Shigeru Miyamoto ne ya ƙago shi, ya fara fitowa a 1981 cikin wasan Donkey Kong a matsayin kafinta. A 1983 ya zama mai gyaran famfo. A 1985 aka fito da Super Mario Bros., wasan gudu da tsalle da ya kai sunansa ko'ina. A 1990 aka sa masa farar riga ya zama likita mai jera ƙwayoyin magani, a 1992 kuma aka ba shi mota ya shiga tsere cikin Super Mario Kart. Ɗaya daga cikin wasannin tseren nan, watau Mario Kart 8 Deluxe, an sayar da fiye da miliyan 60 nasa.

Dalilin haka kuwa ba ɓoyayye ba ne. Shirya sabon wasa yana cin kuɗi da shekaru, kuma ba a san ko zai karɓu ba. Amma sunan da yaro ya saba da shi ba ya bukatar talla. Har ila yau, wanda ba ya son tsalle-tsalle yana iya son tsere, ta haka sai kasuwa ta faɗaɗa.

To, amma fa ba kullum ake kwana a gado ba. Mortal Kombat, wasan faɗan da samari ke ji da shi, ya fito a Amurka a 1992. A 1997 masu shi suka ware Sub-Zero suka yi masa wasan yawo da bin labari, jama'a suka yi ta kushe shi saboda wuyar sarrafawa. Na shekarar 2000, Special Forces, ya fi shi faɗuwa. Sai a 2005 Shaolin Monks ya karɓu, domin ko da yake an sake salo, an bar wa 'yan wasa irin faɗan da suka zo nema. Ashe dai ana iya sake wa gwarzo riga, amma in aka taɓa halinsa sai a yi asara.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, aka buga shi a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya yi silimansa a 1976. Labari ɗaya, riga uku, kuma Shaihun bai sake hali ba. Gizo ma haka yake: yau manomi, gobe ɗan kasuwa, jibi surukin sarki, amma wayonsa da haɗamarsa suna nan.

Abin tunani ga iyaye shi ne, yaron da ya san duk sana'o'in Mario yana iya rasa sanin ko wace ce Ƙoƙi. Alhali ga dambe da langa da dara, ga tatsuniyoyi jibgi, duk abubuwan da za a iya mayarwa wasan na'ura. Gombe ta zama babban birnin jiha tun 1996, ta sami jami'ar jiha a 2004, kuma ana koyar da ilmin kwamfuta a garin. Uban da ke aiko da kuɗi daga Agege ko Sabon Badun yana iya tambayar ɗansa, bayan iya bugawa, ko yana sha'awar koyon yadda ake shirya wasan. Mai saye kullum biya yake yi, mai shiryawa shi ke karɓa. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.